Ga masu shirin sauka a ƙaramin otal a Giranada

Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk mai niyyar zuwa Giranada ta ƙasar Sifaniya, ya kula kafin ya kama ɗaki a unguwar Albaisin. Ƙananan otal-otal ɗin can tsofaffin gidaje ne aka gyara, da tsakar gida da ɗan famfon ruwa, gwanin sha'awa. Amma unguwar a kan tudu take, lunguna ne matsattsu an shimfiɗe su da duwatsu, mota ba ta kaiwa ƙofar gidaje da yawa. Ni da babban akwatina mai taya na je, sai da na ɗora shi a ka kamar ɗan dako, ga ɗakin a hawa na uku, babu lif. Ku tafi da jaka mara nauyi, ku tambaye su inda tasi ke ajiye mutum da lokacin da suke rufe ƙofa da dare.

Ku nemi ɗakin da tagarsa ke kallon tsakar gida. Mutanen nan sai tara na dare suke fara cin abinci, hirar titi kuwa har tsakar dare.

Sallah ba wahala: babban masallacin da aka buɗe a 2003 yana dab da dandalin San Nikolas, inda ake hango fadar Alhambra. Tikitin fadar ku saya ta intanet tun kuna gida, yana ƙarewa, kuma ku riƙe fasfo ranar shiga. Soket ɗinsu mai rami biyu ne, ku taho da adafta.