Rigar kabewa ta Halloween: yadda za a haɗa wa yaro a gida

Iyayen da ke Amurka da Kanada, idan makaranta ta ce yara su zo da shigar Halloween ranar 31 ga Oktoba (bikin da yara ke yin shigar ban mamaki, su bi gidaje suna karɓar alewa), ba sai kun sayi na kanti ba. Rigar kabewa, wato mai kama da kabewar da ake sassaƙa wa ido da baki a bikin, ta fi sauƙi.

A samo rigar babban mutum mai gajeren hannu, ruwan lemo, wadda za ta kai wa yaro gwiwa. A ɗan ɓula kalmasar ƙasa, a zura roba mai faɗin santimita 1 da fil, a ɗaure daidai cinyarsa, kada ta matse. Sai a cusa audugar matashi ta wuya har cikin ya taso. Ban da takardar jarida, domin da ya zauna za ta kwanta, in kuma yayyafi ya taɓa ta sai tawada ta ɓata rigar.

Ido da baki a yanka daga baƙin ƙyalle mai kauri, a ɗinka su da allura. Gam yakan saki da zarar rigar ta miƙe.

Inda aka fi yin kuskure shi ne awo. Ƙarshen Oktoba da sanyi, don haka a gwada rigar a kan suwaita, ba a kan singileti ba. Abin rufe fuska kuwa makarantu da dama sun hana, yana kuma kare wa yaro gani. Koren hula ya wadatar. In za a fita da dare, a manna tef mai ƙyalli a baya, a kuma nisanta shi da kyandiran da ake kunnawa cikin kabewa a ƙofar gidaje, don auduga ba ta wasa da wuta.

Alewar da ya tara a karanta bayan ledarta, yawancin masu danƙo akwai gelatin (sinadarin da ke sa su danƙo) na alade.