Yadda sabon mawaƙi zai shigar da waƙarsa layukan waya da gidajen rediyo

Kamfanonin waya irin su MTN da Airtel ba sa karɓar waƙa kai tsaye daga hannun mawaƙi. Waƙar da mai kira ke ji kafin a ɗaga waya, wadda MTN ke kira Callertunez, tana shiga ne ta hannun dillalai masu lasisin hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC. Nemi ɗaya daga cikinsu, ka yanko masa amshin waƙar na kusan daƙiƙa 30. Kada ka ba shi shimfiɗar kiɗan farko, domin kafin murya ta shigo an riga an ɗaga wayar.

Kafin ka sa hannu, duba kason da zai zo maka bayan kamfanin waya ya cire nasa, wanda yawanci shi ne mafi tsoka. Duba tsawon yarjejeniyar, da ko ta hana ka kai waƙar wani wuri. A nan ake yawan cutar sababbin mawaƙa. Shi ma mai kiɗa ku rubuta yarjejeniya tun a situdiyo, in ba haka ba ranar da kuɗi suka fara shigowa rigima za ta tashi.

Gidan rediyo kuwa, kai masa waƙar a fayil ɗin sauti mai tsabta, irin wanda ake kira WAV, tare da sunanka da na waƙar. Cire batsa da zagi, don hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta hana watsa su. A Kano sai ka yi rajista da Hukumar Tace Fina-finai, sannan ka shiga ƙungiyar MCSN mai karɓar wa mawaƙa kuɗin haƙƙin mallaka.