Yadda ɗalibi daga Katsina zai shiga nazarin Musulunci da ƙyamar Musulmi a Amurka

Ɗalibin da ya kammala digiri a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko Al-Qalam, yake kuma son zama masani kan rayuwar Musulmin Amurka da ƙyamar da ake nuna musu, yakan ɗauka cewa aikin ba zai fara ba sai ya taka ƙasar. Alhali kuwa rabin guzurinsa yana hannunsa tun daga zauren malaminsa.

Ya fara da tarihi, domin da yawa daga cikin Musulmin da suka fara zama a Amurka bayi ne da aka kwaso daga Afirka ta Yamma. Umar ɗan Sa'id, mutumin Futa Toro da ke yankin kogin Senegal, ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci a 1831 yana cikin bauta a Karolina ta Arewa, ya kuma buɗe shi da Suratul Mulk. Ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya sa hotunan shafukan a intanet, kowa yana iya dubawa kyauta. Wanda ya tashi da rubutun allo, inda ɗigon fa yake ƙasa, na ƙaf kuma ɗaya tal a sama, ba zai ji baƙunta a gaban hannun Umar ba. Haka kuma Bilali Muhammad, wanda ya rayu a tsibirin Sapelo na jihar Jojiya, ya bar shafuka 13 na fiƙihu da masana suke dangantawa da Risala, littafin da har gobe ake karantawa a zaurukan birnin Katsina. Wannan fifiko ne da yawancin masu neman gurbi ba su da shi, don haka a bayyana shi ƙarara a takardar nema.

Daga nan sai ya koyi riƙon alƙaluma. Ƙidayar jama'a a Amurka ba ta tambayar addini, shi ya sa ake dogaro da ƙiyasi irin na cibiyar bincike ta Pew, wadda ta ce a 2017 Musulmin ƙasar sun kai kusan miliyan 3.45. Hukumar FBI, mai binciken manyan laifuka a Amurka, ta lissafa laifukan ƙiyayya 28 a kan Musulmi a 2000, sai ga 481 a 2001, shekarar harin 11 ga Satumba. Sai dai hukumar tana tattara abin da ofisoshin 'yan sanda suka aiko mata ne, kuma ba kowa ne aka ci zarafinsa yake kai ƙara ba. Mai bincike na gaske yana faɗin wannan duk lokacin da ya kawo lambar.

Abu mafi wuya shi ne taƙaita batu. “Ƙyamar Musulunci a Amurka” ba take ba ne, teku ne. Gara mutum ya ɗauki ƙuri'ar da jihar Oklahoma ta kaɗa a 2010 don hana kotunanta la'akari da Shari'a, wadda kotun tarayya ta dakatar, ko kuma takunkumin bizar ƙaura da gwamnatin Trump ta sa wa Najeriya a farkon 2020 aka janye a 2021, ya bi diddigin yadda ya shafi iyalai. A nan ne 'yan'uwanmu suka fi tuntuɓe, saboda zafin zuciya yakan mayar da kundin bincike huɗuba. Dole a bambanta sukar addini, wadda tsarin mulkin ƙasar ya kare, da hana mutum aiki ko gidan haya saboda addininsa, wanda doka ta haramta.

Batun neman gurbi kuwa, digirin digirgir a can yakan ɗauki shekara biyar zuwa bakwai, kuma jami'o'i da dama suna yafe kuɗin makaranta su haɗa da alawus. Ya karanta ayyukan shirin Bridge na Jami'ar Georgetown mai nazarin ƙyamar Musulunci, wanda Farfesa John Esposito ya kafa, don ya ga irin tambayoyin da ake yi a fagen, sannan ya aika wa malamin da yake fatan ya duba aikinsa gajeruwar wasiƙa mai ɗauke da tambaya guda. Kafin 2025, malamin jami'ar gwamnati yana iya neman tallafin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, don karatu a waje; akwai kuma na Fulbright, shirin tallafin karatu na gwamnatin Amurka. Yawancin sassa suna rufe karɓar takardu a watan Disamba, saboda haka a zauna jarrabawar TOEFL ta gwajin Turanci tun da damina, a nemi wasiƙun shaida uku daga malaman da suka karanta rubutun ɗalibin da idonsu, a kuma fara bin takardar sakamako daga ofishin rajistara tun kafin a kai ga kaka.