Kafin ka cika buhu da ƙasa ka shuka alayyahu a gida

Yanzu a Kano kowa ya tashi da noman buhu, tsakar gida, saman bene, har bayan shago. Abu ne mai kyau wallahi, amma fa ka san inda ka ɗebo ƙasarka. Ni da na fara, ƙasar tsohuwar bolar bayan layinmu na kwaso don na ganta baƙa wuluk, alayyahu ya yi kore shar ina ta murna, sai da wani yayana da ya karanci harkar noma ya sa hannu a buhun ya zaro fasasshen batiri har biyu, ya ce maza in juye.

Ga yadda abin yake, irin wannan ƙasar tana iya ɗauke da ƙarafa masu guba, shuka kuma tana zuƙarsu. Saiwa tana da ƙofofin da take zuƙar abincinta kamar zinki da ayon, to shi kadmiyam, ɗaya daga cikin ƙarafan nan masu guba, kama yake da zinki, sai ya saje ya shige ta ƙofar. Idan rana ta buɗe ganye ya fara jan ruwa sama, ruwan ya taho da shi, ruwa ya bi iska, ƙarfen ya yi zamansa a ganye, kullum ana ƙari. Shi ya sa alayyahu da latas suka fi tarawa. Dalma da kuromiyam kuwa, su ma ƙarafa ne masu guba, yawanci a saiwa suke maƙalewa, kaga karas ma sai an yi hattara. 'Ya'yan shuka irin tumatir, attaruhu da kuɓewa su ne masu ɗan dama-dama.

To ƙasa dai ka nemo ta gona daga bayan gari, nesa da titi, ka haɗa da takin dabbobi da ya ruɓe sosai. Takin nan yana riƙe ƙarfe ya rage wanda saiwa za ta samu. Ƙasa mai tsami ta fi sakin ƙarfen, don haka ɗan barbaɗa tokar icen girki kaɗan yana taimakawa, amma banda tokar shara, wuta ba ta cin ƙarfe, tattara shi ma take yi. Kar ka ɗebi ƙasar garejin kanikawa ko inda ake fasa batiri ko ƙona waya.

Ruwa kuma na famfo ko burtsatse. Ruwan Jakara da na kwatocin da suka ratso Bompai, Sharaɗa da Challawa ka bar shi, ruwan masana'antun jima yana shiga ciki, su kuma da kuromiyam suke gyara fata. Kainuwar kududdufi ma zuƙar ƙarfe take sosai, kar ka yi taki da ita, kar ka ba akuya.

In ƙasar gidanka kana zarginta kuma ba halin canzawa, shuka tumatir, ganye kuma a saka shi a buhu daban da ƙasa mai kyau.

Sai wanki. A wanke ganye sau biyu ko uku a ruwa mai yawa, a cire ganyen waje na kabeji, a kankare bayan karas, wannan yana fitar da ƙurar da ta manne. Wanda ya riga ya shiga ciki kam, ko gishiri ko kanwa ko tafasa ba sa fitar da shi duka. Yara ne abin ji, dalma ƙwaƙwalwarsu take taɓawa, mun ga Zamfara a 2010 da ƙurar duwatsun zinare masu ɗauke da dalma ta kashe yara sama da 400. Ni dai buhun nan na bola har ƙasar na fitar, kuma ban bar yara sun yi wasa a wajen ba sai da aka share aka wanke.