Yadda na gyara yankewar sauti a ampilin gitar bas ɗan gwanjo

Ampilin (na'urar ƙara sauti) da na saya na hannu a nan Damagaram, mai wat 100, lafiya lau ya yi wajen gwaji. Da muka kai shi wurin biki sai sautin ya fara ƙwarƙwar, ya ragu, can ya ɗauke gaba ɗaya, alhali fitilarsa na ci.

Na canza waya, na sa sabon batir mai volt 9 a gitar, babu canji. Lasifikar ma na haɗa ta da wani ampili, ƙalau take.

Matsalar tana baya, a ramuka biyu da aka rubuta wa Send da Return. In ba a soka komai ba, sautin ta wani ɗan ƙarfe da ke cikin ramin yake wucewa. Ƙurar hunturu da tsatsa sun hana shi haɗuwa. Mai kayan da alama bai taɓa amfani da ramukan ba.

Na mayar da Master (maɓallin ƙarfin sautin da ke fita) sifili, na haɗa Send da Return da gajeriyar wayar gita, na ɗaga Gain (maɓallin ƙarfin sautin da ke shigowa daga gitar) zuwa rabi, sannan Master a hankali. Sauti ya fito garau. Sai na zare ampilin daga wuta, na fesa maganin wanke soket a ramukan, na yi ta soka kan wayar ina zarewa. Kada a fesa mai maiƙo, ƙura yake kamawa. Bayan minti 15 ya bushe, na kunna babu gajeriyar wayar, bai sake yankewa ba.

Alhamdu lillahi, na gode wa mai gyaran rediyon unguwarmu da ya ba ni maganin. Wayar dai na bar ta a soke saboda ƙura.