Kurakuran da Muke Yi Idan Muka Bar Manhaja Ta Ƙirga Mana Awannin Aiki

Ƙarshen watan jiya, a ƙaramin kamfanin haɗa manhaja da nake aiki a Jidda, mudir, wato manajanmu, ya buɗe rahoton awanni a gabanmu. Sai ga shi wani ƙanenmu, yaro mai himma, rahoto ya ce awa biyu kacal ya yi ranar Talata. Ni kuwa da idona na gan shi tun bayan Azahar har aka kira Magariba, takarda da biro a gabansa, yana zana yadda bayanai ke shiga suna fita, yana neman abin da ke sa shafin biyan kuɗi ya tsaya cak. Bai taɓa madannai ba sai da ya gano layin da ke da laifi. Na ga yadda fuskarsa ta canja da aka karanto lambar, abin ya tsaya mini a rai.

Kuskuren da ya fi kowanne girma ke nan: ɗaukar lokacin da yatsa ke kan madannai a matsayin lokacin aiki gaba ɗaya. Manhajar ƙirga lokaci irin WakaTime tana zaune ne cikin VS Code ko duk wata manhajar da kake rubuta kod (umarnin da ake gina manhaja da shi) a cikinta, tana aika sigina duk sanda ka yi rubutu, ko ka adana fayil, ko ka koma wani. In aka yi shiru fiye da minti 15, wanda shi ne saitin da take zuwa da shi, wannan tazarar ba ta shiga lissafi. To ina tunani? Ina zaman taro, da waya da kwastoma, da tsayawa kan abokin aiki kana nuna masa inda ya kauce? Duk sun bi iska. Wasu sai su ɗaga minti 15 ɗin zuwa awa guda, su ce an gyara. Ba na goyon bayan haka, domin daga nan sallar La'asar da cin abincin rana sun shige lissafin kwastoma, kuma wannan haƙƙin mutum ne. Abin da ya fi shi ne a raba aikin: WakaTime ta riƙe rubutun kod, tarurruka su fito daga kalanda zuwa manhajar rubuta awannin aiki irin Toggl Track ko Clockify, sannan kowa ya ware minti goma kafin tashi daga aiki ya duba ranarsa, ya ƙara da hannu abin da na'ura ba ta gani ba.

Akwai kishiyar wannan, wato ka kunna agogo ka tafi masallaci ka manta. Toggl Track da Clockify na kwamfuta duk suna iya lura idan ka daina taɓa na'ura, su tambaye ka ko a zubar da lokacin. Ka kunna wannan saitin tun ranar farko.

Sai wanda ya shafe mu mazauna Saudiyya musamman, wanda kuma ba kasafai za ka ji ana maganarsa ba. Waɗannan manhajojin an gina su ne bisa makon wasu ƙasashe. Mu nan tun 2013 hutunmu Juma'a da Asabar ne, aiki daga Lahadi zuwa Alhamis. Idan ka bar farkon mako a Litinin, aikin Lahadinka zai faɗa makon da ya wuce, rahoton mako ya fito a karkace. Minti ɗaya ya isa a gyara wannan a saiti. Na azumi ne ya fi wuyar ganewa. Dokar ƙwadago ta ƙasar nan ta sa awa 8 a rana, 48 a mako, amma a Ramadan ta rage wa Musulmi zuwa awa 6 a rana, 36 a mako. Jira da GitLab kuwa, manhajojin da ake bin diddigin ayyuka da awanninsu a ciki, a saitinsu na asali, kwana ɗaya awa 8 ne. Idan ka rubuta `/spend 1d` a GitLab cikin azumi, ka rubuta wa kanka awa 8 alhali 6 ka yi. Haka kuma idan tsarinku yana fara ƙirga ƙarin lokaci ne daga awa 8, wanda ya yi awa 8 a Ramadan ya yi ƙarin awa biyu da ba wanda ya gani, ga shi doka ta ce awar ƙari ana ɗora mata kashi 50 cikin ɗari na asalin albashin awa. Ku daina rubuta kwanaki, ku riƙa rubuta awanni da mintoci, kuma wani ya ɗauki nauyin canja iyakar kafin a ga wata.

Bambancin agogo ma yana cizo. Saudiyya tana gaban Najeriya da awa biyu, tana gaban UTC, agogon da duniya ke auna lokaci da shi, da awa uku. Abokin aikinmu da ke Kano in ya tura aiki ƙarfe 11 na dare, a nan ƙarfe 1 ne na washegari. In kuma sabarku, wato kwamfutar da ke ajiye bayananku, tana kan UTC, duk abin da aka yi a Jidda daga sha biyun dare zuwa ƙarfe uku zai koma ranar jiya. A azumi, da yawanmu sai bayan tarawihi muke zama sosai har kusan sahur, don haka rabin aikin watan ne ke sauka a ranar da ba tasa ba. A adana lokaci da UTC, amma ku yarda a kan agogo ɗaya da za a riƙa fitar da rahoto da shi.

Na kuma sha ganin masu son ciro awanni kai tsaye daga tarihin Git, manhajar da ke adana canje-canjen kod, su auna tazarar da ke tsakanin kwamit da kwamit, wato kowane canji da aka adana. Git yana riƙe lokaci biyu ga kowane kwamit, na sanda aka rubuta shi da na sanda aka shigar da shi, kuma umarnin `git rebase`, mai sake jera kwamit, yana sabunta na biyun. In aka dunƙule kwamit ashirin suka zama ɗaya wajen haɗe reshe (ɓangaren kod da aka ware don wani aiki), aikin mako guda ya koma ɗigo ɗaya. Abin da Git zai taimaka da shi shi ne alaƙanta lokaci da aikin da aka yi shi a kai. Kowane reshe ya ɗauki lambar tikitinsa, wato lambar aikin a Jira, a sunansa, a saƙon kwamit kuma a sa lambar tare da `#time 2h 30m`, Jira za ta rubuta awannin da kanta. Sai dai imel ɗin da ke cikin saitin Git ɗinka dole ya dace da na asusunka na Jira, in ba haka ba babu abin da zai shiga, kuma ba lallai ka lura ba sai ƙarshen wata.

Ku duba kuma abin da ke fita daga kwamfutarku. WakaTime tana aika sunayen fayiloli da na rassa da na aikin kansa, wani lokacin kuwa sunan kwastoma yana ciki. A fayil ɗin `.wakatime.cfg` ana iya sa `hide_file_names = true`. Mabuɗin sirri na asusunka na WakaTime ma a nan yake, kada ya bi ka cikin ma'ajiyar kod. Dokar kare bayanan mutane ta Saudiyya ta fara aiki gadan-gadan a Satumban 2024, don haka a faɗa wa ma'aikaci abin da ake tattarawa a kansa kafin a girka masa komai. Wanda hankalinsa bai kwanta da fitar bayanai ba, akwai ActivityWatch, wadda ke ajiye komai a kwamfutarsa.

Maganar ƙanen namu, na samu mudir bayan taro na nuna masa takardar zanen da layin da aka gyara. Ya saurara, ya kuma yarda a cire allon da ke jera mu daga mai yawan awanni zuwa mai ƙaranci. Muka ƙara rukuni ɗaya a Clockify mai suna bincike, wanda ake cikawa da hannu, aka mayar masa da awa huɗunsa na ranar Talata.