Yadda Tela Zai Tsare Ingancin Aikinsa Daga Karɓar Kaya Zuwa Miƙa Su

A Garwa da Marwa da Ngaundere na arewacin Kamaru, har zuwa Kusiri da Injamena ta Chadi, da wuya mutum ya ratsa unguwa bai ji ƙarar keken ɗinki ba, kuma a cikin masu taka kekunan nan akwai gwanaye na gaske waɗanda aikin hannunsu zai shiga kowane taro. Duk da haka ƙorafin masu kai ɗinki bai sauya ba: rigar farko ta zauna daidai, ta biyu ta matse a kafaɗa, an ce a zo Laraba, wata Larabar ta zagayo ba a ko sa almakashi ba. Mafi yawan wannan ƙorafi yana tasowa ne daga abubuwan da ke kewaye da ɗinkin, wato yadda aka karɓi kayan, da yadda aka rubuta awo, da yadda aka yanke ranar alkawari, da wanda ya duba aikin kafin ya fita. Abin da tela ya riƙe a kansa kawai zai kuɓuce masa ranar da aiki ya yi yawa, amma abin da ya rubuta ya mayar da shi ƙa'idar shago, shi ne zai sa riga ta goma ta fito kamar ta farko.

Aikin yana farawa tun kafin mai kaya ya bar shago. Kada a karɓi shadda ko atamfa a naɗe a jefa ta cikin kwaba. A warware ta a gaban mai ita, a auna tsayi da faɗi, a ɗaga ta wajen haske a duba ko akwai tabo, ko huda, ko wurin da rini bai kama ba. Awon nan yana da muhimmanci na musamman a yankinmu, domin kaya suna shigo mana ta hanyoyi biyu. Wanda aka saro daga Kantin Kwari na Kano, ko ya biyo ta Mubi da Yola, yawanci da awon yadi aka yanko shi, alhali ɗan kasuwar Garwa ko Injamena sau da yawa da mita yake sayarwa. Yadi ɗaya santimita 91 ne da ɗan ɗoriya, saboda haka wanda ya kawo yadi 5 yana zaton mita 5 ne ya rasa kimanin santimita 43, kuma wannan ya isa ya gajarta hannun kaftanin dogon mutum ko ya cinye aljihunsa. Idan an gano haka a gabansa, zai zaɓa tsakanin ƙaro kaya da sauya salon ɗinki. Idan kuwa sai bayan yanka aka gano, babu bayanin da zai raba tela da zargin cewa ya ɗebi wani abu.

Da an gama aunawa, sai a yanki ɗan ƙyalle kamar faɗin yatsa biyu daga gefe, a manna shi a shafin littafin shago kusa da sunan mai kaya da lambar wayarsa, sannan a rubuta lambar shafin da alli a bayan kayan. A lokacin Sallah farar shadda goma na iya haɗuwa a shago ɗaya, wata gezna ce mai tsada, wata kuma mai sauƙin kuɗi ce, kuma musanya guda ɗaya tana iya cinye ribar wata guda.

Awon jiki shi ne inda ya kamata tela ya fi natsuwa. Tef ɗin awo yana da fuska biyu, inci da santimita, kuma inci ɗaya santimita 2.54 ne. Shagon da mai gida ya koyi sana'a a Najeriya yana awo da inci, yaronsa kuma ya saba da santimita tun daga makaranta, yana cikin haɗari kullum, don haka a zaɓi ɗaya a tsaya a kansa, a rubuta shi a bangon littafi. A jera gaɓoɓin awo a tsari guda da ba ya canzawa, misali tsayi, kafaɗa, hannu, ƙirji, wuya, ƙugu, tsawon wando, bakin ƙafa, ta yadda duk wanda ya buɗe shafin zai karanta ba tare da ya tambayi kowa ba. Tsohon awo ba abin dogaro ba ne har abada. Yaro yana tsawo tsakanin Sallah da Sallah, babba yana ƙiba ko ya rame, saboda haka a sa kwanan wata a jikin kowane awo, wanda ya haura shekara kuma a sabunta shi. Idan aike aka yi da tsohuwar riga don a bi awonta, kamar yadda matan da ba sa fita da dattawa suka saba, a kira mai ita a tambaya: Hajiya, rigar nan ta yi miki daidai, ko akwai inda kike so a saki? Sau da yawa wadda ta fi kusa da hannu aka ba ɗan aike. A ganina kuma, shagon da yake karɓar ɗinkin mata ya fi kyautuwa ya sami mace da za ta riƙa ɗaukar awonsu, domin awon da aka yi nesa-nesa saboda kunya ba ya fita daidai.

Salon ɗinki ma a rubuta shi. Yanzu yawancin mutane hoto suke nunawa a waya, to sai a nemi a turo shi ta WhatsApp, a ajiye shi da lambar shafin. Tela ya faɗi gaskiya tun a wurin idan irin kayan da aka kawo ba zai ɗauki wannan salo ba, ko kuma kekensa ba ya yin irin surfanin da ke cikin hoton.

Sai maganar alkawari, wadda ita ce ta ɓata sunan teloli har ta zama abin faɗa a gari. Ranar karɓar kaya lissafi ce, kuma lissafin ba shi da wuya. Tela ya lura da shagonsa na mako biyu ya ga kaya nawa ake kammalawa a rana, har da guga da sa maɓalli. A ce huɗu ne; a kwana 25 na aiki cikin azumi zai fitar da ɗari ke nan idan komai ya tafi daidai, komai kuwa ba ya tafiya daidai. Wutar arewacin Kamaru ta daɗe tana dogara da madatsar ruwa ta Lagdo da ke kan kogin Binuwai, wadda aka kammala a 1982, kuma idan ruwa ya ja baya a ƙarshen rani ɗauke wuta yakan ƙaru, daidai lokacin da zafin Garwa da Marwa ke haura digiri 40 aiki ya yi nauyi da rana. Ga rashin lafiyar yaro, ga rasuwa a unguwa, ga keke da zai tsaya. Saboda haka a cire kashi ɗaya bisa huɗu tun farko, a karɓi kaya 75, idan sun cika a rufe littafi. Wanda ke amfani da keken lantarki ya ajiye keken ƙafa guda mai lafiya da dutsen guga na gawayi, don kada ɗauke wuta ya tsayar da shago gaba ɗaya.

Rufe littafi shi ne abu mafi wuya, domin mai zuwa a makare ba baƙo ba ne. Kawu ne, ko maƙwabci, ko Alhajin da ya daɗe yana kawo aiki. Amma wanda aka ce masa, Baba, ka yi haƙuri, ba zan iya kafin Sallah ba, sai dai bayanta da kwana uku, zai ji zafi na yini guda ya nemi wani tela, kuma zai dawo wata rana. Wanda aka karɓi kayansa aka bar shi ya je Idi da tsohuwar riga, shi da iyalinsa za su daɗe suna ba da labarin. Ya kamata kuma tela ya san kalandar garinsa: ban da Sallah biyu, a Kamaru akwai faretin ranar matasa ta 11 ga Fabrairu, da atamfar 8 ga Maris, ranar mata ta duniya, da mata ke yin anko da ita, da bikin ƙasa na 20 ga Mayu, da kayan makaranta a Satumba. A 2025 da 2026 ranar 8 ga Maris tana cikin watan azumi, ke nan kasuwa biyu a kan keke ɗaya, kuma irin wannan haɗuwa ana ganinta a kalanda tun watanni kafin ta zo. Idan duk da haka jinkiri ya auku, tela ne zai fara kira, kwana biyu kafin ranar, ya faɗi sabuwar rana.

A yanke kuɗin ɗinki kafin a taɓa kayan, a rubuta shi tare da kafin alƙalamin da aka bayar da abin da ya saura, a ba mai kaya rasit ko da ɗan guntun takarda ne mai sa hannu. Idan ta waya aka biya, ta Orange Money ko MTN, ko Airtel da Moov a Chadi, a shigar da shi littafi nan take. Farashi ya ɗauki zare, da shafi, da zif, da gawayi ko wuta, da hayar shago, da ladan yara, domin telan da ya karya farashi ƙasa da abin da ya kashe, a jikin aikin zai rama, ta hanyar zare mai tsinkewa da shafi mai arha. Kafin alƙalami kuwa kuɗin aikin da ba a yi ba ne tukuna, bai kamata ya shiga cefanen gida ba. Wannan littafi yana da amfani har a gaban hukuma: dokar kasuwanci ta OHADA, wadda Kamaru da Chadi suke cikin ƙasashe 17 da ke bin ta, ta tanadi matsayi mai sauƙi ga ƙaramin mai sana'a tun gyaran da aka yi mata a 2010, inda zai bayyana sana'arsa a ofishin magatakardan kotu, ya kuma riƙe littafin shiga da fitar kuɗi na kullum, ya adana shi aƙalla shekara 5.

A kan teburin yanka, a sake karanta awo kafin a sa almakashi, a lura da tafiyar zanen atamfa don kada fure ya kife a baya ko ya saɓa a gaba, a kuma bar rarar ɗinki kamar santimita ɗaya da rabi domin a sami abin saki daga baya. Shafin auduga yakan tsuke a wankin farko, don haka a jiƙa shi ya bushe kafin a haɗa shi da riga. Allura ta dace da kaya: lamba 11 ga mai laushi, 14 ga matsakaici, 16 ga mai kauri, kuma wadda ta dakushe a cire ta, domin tana jan zaren shadda ta bar layin da guga ba ya gyarawa. Bayan an zuba wa keke mai, a fara gwada shi a kan ƙyallen banza har man ya daina fita. A lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙura tana shiga ko'ina, saboda haka a rufe keke da dare, a sa kayan da aka gama cikin leda ko kwaba, yara kuma su wanke hannu bayan cin abinci kafin su taɓa farin kaya.

Yaran shago su ne hannuwan mai gida, kuma sunansa ne ke jikin duk abin da suka ɗinka. A ba su aiki mataki-mataki, daga guga da maɓalli zuwa kalmasa, daga nan wando, sannan riga, yanka kuma ya zo a ƙarshe. Kada yaro ya koyi sabon abu a kan shaddar mutane. Kuma yaron da ya zo da kansa ya ce ya yi kuskure kada a ci mutuncinsa a gaban jama'a, domin idan aka yi haka, gobe ɓoyewa zai yi, sai mai kaya ya gano a gida. Ƙa'idar da ba ta da sassauci ita ce babu kayan da zai fita sai mutum ɗaya, mai gida ko babban yaronsa, ya juya shi ciki ya duba: ya ɗora tef a kafaɗa da hannu da tsayi ya gwada da littafi, ya ja zif sama da ƙasa, ya sa hannu a aljihu, ya yanke zaren da ke reto, ya goge alli. Minti biyar ya isa. Idan mai kaya ya zo, a roƙe shi ya gwada a shago, shi ya sa ɗan labule da madubi suke cikin kayan aiki.

Ragowar ƙyalle na mai kaya ne. A naɗe shi a sa a cikin ledarsa ko da bai tambaya ba, in ya ce ya bar wa shago, to ya halatta.

Duk tsarin da aka yi, wata rana dutsen guga zai ƙona riga ko almakashi ya zarce. A mazhabar Malikiyya da ake bi a wannan yanki, mai sana'a yana da lamunin kayan da aka damƙa masa ya yi aiki a kansu a bayan idon mai su, kuma duk wanda ya karanta Risala a zaure ya ratsa ta wannan hukunci. Saboda haka tela ya kira mai kaya a ranar da abin ya faru, ya nuna masa ɓarnar da idonsa, ya ba shi zaɓi tsakanin a sayo masa irin kayansa daidai, wanda ƙyallen da aka manna a littafi zai taimaka wajen nemowa a kasuwa, ko a biya shi kuɗinsa, ko kuma a gyara a rage masa kuɗin ɗinki idan ɓarnar ƙarama ce kuma ya yarda. Domin kada irin wannan biya ya durƙusar da shago, yana da kyau a riƙa ware ɗan abu daga kowane ɗinki, ko sefa 200 ne, a asusu na dabam da ba a taɓa shi sai don ramuwa da gyaran keke. Kayan da aka gama ba a zo karɓa ba kuma, a tura saƙon tuni bayan mako guda, a sake bayan wata, a rubuta ranakun a shafinsu, a ci gaba da adana su a wurin da ƙura da gara ba za su kai gare su ba.